Jan Layi a Sunan Malam Sabo

Ku sabbin da aka ɗauka bana, ina jin abin da kuke faɗa a bayana. Wai teburin Anti Bilki na hutu ne. Ba na ƙirga kuɗi, ba na yawon neman kwastoma cikin rana, ina zaune ina latsa kwamfuta ina shan shayi. Ɗaya daga cikinku ma ta ce in zan tafi hutu a ba ta riƙo. To ga abin da ke kan teburin. Ki karanta har ƙarshe, in har yanzu kina so, ki zo ki karɓi makullin durowa.

Shekarata tara a bankin nan, kuma aikina ɗaya ne. Mutum ya karɓi bashi a wurinmu ya sayi gida ko ya gina, takardun gidan suna hannunmu, yana biya duk wata. Sai abu ya juya masa, ya kasa. Maimakon a sa gidan a kasuwa, sai mu zauna da shi mu rage abin da zai riƙa biya, mu ƙara masa shekaru. Shi muke kira sassauci. Amma ba haka kawai ake ba da shi ba, sai ka yi wata uku na gwaji. Sabon adadin, a kan rana, wata bayan wata, sau uku. Ka cika, a rubuta maka sabuwar yarjejeniya. Ka tsallake ɗaya, komai ya rushe.

Abin da ba ku sani ba, a cikin wata ukun nan kwamfuta ba ta san da wani sassauci ba. Tsohon adadin ta sani. In da kana biyan dubu casa'in da biyar, muka ce yanzu ka kawo hamsin da biyar, ka kawo, a wurinta ka gaza da arba'in. Kuma ranar aiki ta ƙarshe a kowane wata, ƙarfe huɗu daidai, sunayen masu bashinmu gaba ɗaya suna tafiya ofishin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Rajista muke ce masa. Duk banki, babba ko ƙarami, kafin ya ba ka ko sisi can yake fara leƙawa. Wanda ya biya daidai layinsa kore, wanda bai cika ba ja. Abin da ke hana mai gwaji tafiya da ja wata 'yar alama ce da ake sa masa da hannu, kowane wata, mutum ɗaya bayan ɗaya. Hannun nan nawa ne.

Fayil na farko da aka taɓa miƙo min ba na mai neman sassauci ba ne, na wata mata ce da ta gama biyan bashinta tun kafin in zo. Oga Davou ne ya ajiye min shi. Shi ya riƙe teburin nan kafin ni, shi ya koya min aikin, yanzu ya yi ritaya yana kiwon kaji a ƙauyensu. Mutumin nan bai taɓa ce min ke ba, kowa kai ne a bakinsa, har matarsa. Ya ce, "Bilki, buɗe shafi na ƙarshe ka karanta min." Na buɗe. Takardar rajista ce, layi uku ja a jere. Na ce ai wannan wata uku ba ta biya ba. Ya ce in juya baya in duba rasit. Na duba. Ta biya duka ukun, a kan rana, ko naira ba ta rage ba.

Na ce, "Oga, to me ya kawo ja?"

Ya ce, "Wanda ya zauna a kujeran da kake zaune bai sa alama ba."

Matar tela ce a Anguwan Rogo. Bayan shekara biyu ta sami aikin ɗinkin yunifom na wata makaranta, ta je wani ƙaramin banki neman kuɗin kekuna da yadi. Suka leƙa rajista suka ce ta yi haƙuri. Ita ba ta ma san an rubuta mata komai ba. Kafin a gyara, aikin ya tafi hannun wani. Sati biyu Oga Davou ya bar fayil ɗin nan a kan teburina, bai bari na mayar da shi ba. Duk safiya da shi nake fara haɗa ido.

Kayan aikina ba su da yawa. Kalandar bango, wadda nake zagaye ranar ƙarshe da jan biro tun farkon shekara. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane mai gwaji da shafinsa. Waya, da caja biyu, don ranar da ɗaya ta ƙi. Kun yi min dariya a kan littafin, wai ga kwamfuta. Kwamfutar ce nake gadi, shi ya sa ba na ba ta ajiya. Daga ashirin da biyar ga wata abinci ba ya shiga min sosai. Ina cikin keke zan dawo gida sai in fara ƙirga sunaye da yatsu, wa na sa wa alama, wa ban sa wa ba.

Kwastomomin kuma kowa da irin ciwon kansa. Ma'aikaci zai rantse miki ranar ashirin da takwas zai biya, kuma gaskiya yake faɗa, albashin ne ba zai shigo ba sai uku ga wata. Ɗan kasuwa zai tura ta wurin mai POS, ba suna, ba lambar bashi, kuɗin ya shigo ya zauna ba mai shi, ke ce za ki bi sawunsa da waya. Wani ya ba ɗansa ya tura da nasa sunan. Duk waɗannan in ba ki kama su kafin ƙarfe huɗun nan ba, ja ne. Kuma don Allah kar in ƙara jin wata ta ce wa kwastoma gwaji ba ya taɓa suna. Yana taɓawa. Ko da alamar, rajista tana nuna cewa an sassauta masa, kuma wani bankin in ya gani zai ɗan ja baya. Amma wannan tabo ne ƙarami, mutum yana tafiya da shi. Ja shi ne ke rufe ƙofa. Ku gaya musu gaskiyar tun a zaman farko.

Shekarar da man fetur ya yi tsalle ita ce shekarar da ba na son tunawa. A cikinta Oga Davou ya tafi, teburin ya zama nawa ni kaɗai. Fayil ɗin da da ba su wuce goma ba sai ga su sun cika durowa har ina jerawa a ƙasa. Malaman makaranta, nas-nas, masu shago, kowa ya zo a rage masa. A cikinsu akwai Malam Sabo.

Dillalin kayan gwari ne a Farin Gada, tumatir da kabeji, yana lodi zuwa kudu. Dattijo, ya kusa sittin, ba ya ɗaga murya. Shekara shida yana biyan bashin gidansa na Anguwan Rogo ba fashi. Sai kuɗin mota ya ninka, tsutsa kuma ta shiga tumatir, ya yi wata huɗu bai kawo komai ba. Wanda ya tsaya masa lokacin da ya karɓi bashin shi ne Mista Gyang, malamin firamare a Tudun Wada. Benci ɗaya suka zauna suna yara. Mista Gyang yana noman rani a bakin wani tsohon ramin kuza, Malam Sabo ke sayen abin da ya noma. Kun san garin nan, ba kowa ke sa hannu a takardar wanda ba wurin ibadarsu ɗaya ba. Shi ya sa.

Ranar da za a fara gwajin, Malam Sabo bai tambaye ni shekara nawa aka ƙara masa ba, bai tambayi kuɗin ruwa ba. Abu ɗaya ya tambaya.

"'Yata, wannan abin zai taɓa Gyang?"

Na ce, "In ka cika wata ukun, Baba, ba abin da zai same shi. In ka tsallake ɗaya, sunanka zai tafi da ja, shi ma a rubuta shi kusa da kai, a ce wanda ya tsaya wa ya gaza."

Ya ce, "To ba zan tsallake ba."

Mutum shida ke jira a benci a ranar. Bayanin da Oga Davou yake ɗaukar rabin awa yana yi, ni a minti biyar na gama shi. Dubu hamsin da biyar, wata uku, sa hannu nan, sa hannu nan. Ya tafi.

Watan farko na ga kuɗi ya shigo da sunansa tun kafin rana. Na buɗe littafi na yi maki, na sa masa alama, layinsa ya tafi kore. Ban kalli adadin ba. Sunan na gani, na ji daɗi, na wuce na gaba.

Wata na biyu ranar Juma'a ya ƙare. Ranar Alhamis da safe ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, na zo kan nasa, sai na ga babu komai. Sifiri. Na ce ko ya maƙale ne wurin mai POS. Na koma baya in ga yadda ya biya na farko, a nan na ga abin. Ba hamsin da biyar ya turo ba, dubu ɗari da sittin da biyar ne. Na wata ukun ya haɗa ya biya lokaci ɗaya. Kwamfuta ta cire na watan farko, ragowar ta zuba shi cikin tsohon bashin wata huɗun da ake binsa, ta haɗiye. A wurinta wata na biyu bai biya ba. Kuma alamata tana rufe wanda ya biya sabon adadi ne, ba ta rufe sifiri.

Na kira wayarsa sau huɗu, ba a ɗauka. Na ɗauki jaka na tare keke.

Kafin in sauka a Farin Gada na cire katin aiki daga wuyana na cusa a jaka. Wannan ma Oga Davou ne ya koya min, ba a shiga kasuwa da sunan banki. Mutum zai iya shekara goma yana biyan bashin gida, abokan zamansa ba su sani ba, balle irin su Malam Sabo da za a ce ya ci kuɗin ruwa. In kin je, sayayya kika je.

An yi ruwa da safe, ƙasa duk taɓo da ganyen kabeji. Wani mai rumfa kusa da tasa ya kalli ƙafata ya ce, "Hajiya, masu irin wannan takalmin farashinsu daban ne fa. Kwando ko buhu?"

Na ce, "Guda biyu nake so, kuma wurin Malam Sabo nake saye."

Ya ce, "Kin ji. Tsoho ya kwashe mana har 'yan gayu. Sabo, ga kwastomarka ta guda biyu, ka rufe kasuwa yau."

Malam Sabo na ganina ya gane ba kabeji ya kawo ni ba. Ya zaɓo manya biyu ya ce in biyo shi a samo leda. Muka zaga bayan wata babbar mota da ake wa lodi, inda ƙarar inji ke rufe magana.

Na ce, "Baba, na wannan watan bai shigo ba."

Ya yi murmushi. "Ai na biya, 'yata. Har na wata mai zuwa. Mota ɗaya ta yi min kyau, na ce kafin kuɗin ya narke a hannuna bari in sauke duka. Ba ki gani ba?"

Na yi masa bayani. Na sake yi. Ya tsaya da kabeji a hannu yana kallona.

Ya ce, "Mu a nan, wanda ya biya kafin lokaci shi ake fara ba kaya. Ku a wurinku laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, Baba. Gwajin so yake ya ga kana iya biya kowane wata. Ni ya kamata in gaya maka kar ka haɗa."

"Kuɗin suna wurinku?"

"Suna wurinmu."

"Amma za a rubuta ban biya ba."

"In ba a sa wani abu kafin ƙarfe huɗu na gobe ba, e."

Ya ajiye kabejin a kan tayar motar. Bai ce gidana ba, bai ce iyalina ba. Cewa ya yi, "Gyang zai nemi kuɗin injin ban ruwa bayan damina. Ya gaya min. Nasa ya mutu."

Na tambaye shi ko zai iya samo hamsin da biyar zuwa gobe. Ya nuna motar da ake wa lodi, ya ce kusan duk abin da ya mallaka ga shi nan yana hawa, sai ta sauka kudu ranar Litinin za a turo masa. Na ce ko wani a kasuwa zai ranta masa. Ya ce in ya buɗe baki yau, kafin la'asar kowa ya san dalili. Na ce to Mista Gyang fa. Kallon da ya yi min ya sa ban ƙarasa ba. Kuma kafin wata ta tambaya, a'a, ba a zuba kuɗin aljihu a bashin kwastoma. Ranar da aka gano, ranar za ki bar aiki, shi kuma a soke masa gwajin gaba ɗaya.

Na dawo ofis na shiga wurin manaja da kabeji a leda. Hanya ɗaya ta rage, a juya lissafin, a ciro kuɗin daga tsohon bashi a mayar wa wata na biyu da na uku. Manaja ya ce shi ba shi da ikon taɓa wannan, sai hedikwata. Na rubuta takarda, ya sa hannu, muka tura. Na kira. Aka ce wanda ke amincewa da irin wannan yana wani taro, sai Litinin. Na ce to a cire sunan mutum ɗaya daga jerin da zai tafi rajista gobe. Wadda ta ɗauki wayar ta ce, "Madam, jerin ba ya jiran kowa." Ta kashe.

Ranar Juma'a tun safe Malam Sabo ya karyar da sauran kwandunan da ya ajiye wa 'yan cikin gari. Abin da zai sayar a kwana uku ya sallamar a rabin yini, da asara. Na gaya masa ya kawo kuɗin a hannu, ya ba mai karɓa a kanta, in ga rasit da idona. Ƙarfe biyu da rabi ya kira ni, an sauko daga masallaci. Ya ce kuɗi sun cika, amma hanya ta cushe, keke ba ya motsi, ga mai POS nan a gabansa, ya tura? Na kalli agogo. Na lissafa hanya, na lissafa cunkoson Juma'a. Na ce ya tura. Wannan ma kuskurena ne. Da ƙafa ma da ya iso.

Ya turo min hoton rasit ƙarfe uku saura. An cire kuɗin daga wurin mai POS. A wurinmu ba su sauka ba.

Ban san yadda zan kwatanta muku awa ɗayan nan ba. Ina latsa madanni ɗaya, shafin ya juya ya dawo, sifiri. In sake. Uku da kwata. Na kira masu kula da na'ura, suka ce netwok ne, zai sauka. Uku da rabi Malam Sabo ya kira, "Ya shigo?" Na ce tukuna. Ya ce yana tahowa da ƙafa. Na ce ko ya zo ba abin da zai yi, kuɗin suna sama. Huɗu saura kwata na shiga wurin manaja da hoton rasit, na ce a karɓi wannan. Ya ce hoto ba kuɗi ba ne, kuma na san haka. Na dawo na zauna. Huɗu saura biyar na daina jin abin da ake faɗa a ofis, sai agogon da ke ƙasan kwamfuta nake kallo.

Ƙarfe huɗu jerin ya kulle ya tafi. Huɗu da minti arba'in kuɗin suka sauka.

Malam Sabo yana tsaye a bakin ƙofa lokacin, an riga an rufe, mai gadi bai bar shi ya shigo ba. Ta tagar gilashi ya tambaye ni da hannu. Na fita na gaya masa. Ya ce, "To." Ya gyara hularsa ya juya.

Ranar Litinin hedikwata ta juya lissafin, ta mayar masa da gwajinsa. Ya cika wata na uku, aka rubuta masa sabuwar yarjejeniya. Gidan yana nan, har yau a ciki yake. A takardunmu maganar ta ƙare lafiya, fayil ɗin ma an rubuta masa an kammala.

Rajista kuwa ba ta san Litinin ba. Abin da ya tafi ya tafi. Cire layi ɗaya ja sai an rubuta takarda daga nan zuwa hedikwata, daga hedikwata zuwa can, su bincika, su amsa, a jira jerin wani watan. Na rubuta sau uku. Duk sati nake kira har matar da ke ɗaukar waya a hedikwata ta gane muryata. Wata huɗu aka ɗauka. A cikin wata huɗun nan damina ta ɗauke, Mista Gyang ya je ƙaramin bankin unguwarsu neman kuɗin inji da irin dankali. Suka leƙa. Suka ce wanda ka tsaya wa ya gaza, ka je ka gyara tukuna. Shi bai san ma an yi wani gwaji ba.

Malam Sabo ya zo ofis wata Talata, ya zauna a benci har aka sallami kowa. Ya rame. Ya ce, "'Yata, na kira Gyang sau biyu, yana ɗauka, yana gaishe ni, amma muryar ba tasa ba ce. In na yi bayani zai ce na kare kaina ne. Ki raka ni."

Ba ya cikin aikina. Manaja ma da na gaya masa cewa ya yi bai ji ba. Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a bakin titi muka hau keke ɗaya zuwa Tudun Wada. Ni abin da nake juyawa a raina, in Mista Gyang ya ce zai kai ƙara, sunana ne a kan fayil.

Mista Gyang ya karɓe mu a falo. Dogo, da farin gashi, da tabarau a goshi. Matarsa ta kawo ruwa ta ajiye, ta gaishe ni, ba ta kalli Malam Sabo ba, ta koma ciki ta bar labule a ɗage. Ta taga ina hango tsohon injin a tsakar gida an kwance shi gunduwa-gunduwa a kan buhu.

Ya ce, "Sabo, ka rame. Kasuwa ne ko tsufa?"

Malam Sabo ya ce, "Kai ka girme ni da wata bakwai, kar ka manta."

Ba wanda ya yi dariya. Na buɗe jaka na fito da rasit, na fara bayani. Wannan karon ban yi sauri ba. Tsohon adadi, sabon adadi, wata uku, yadda kwamfuta ta haɗiye, ƙarfe huɗu, huɗu da arba'in. Ya saukar da tabarau ya bi rasit ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda ake duba aikin ɗalibi.

Ya ce, "Madam, ni malamin lissafi ne, ki bar dogon magana. Sabo ya biya ko bai biya ba?"

"Ya biya, sa. Sau biyu ma."

"Kafin lokaci?"

"Kafin lokaci."

"To wa ya yi kuskure?"

Ana koya mana a ce na'ura ce, a ce netwok ne, kuma duk akwai su a ciki. Na ce, "Ni ce. Ban gaya masa kar ya haɗa ba, kuma da ya haɗa ban duba ba."

Na gama shirya jin maganar lauya. Na ce masa gyaran yana hanya, in ya fito zan kawo masa takardar da kaina ya kai bankin.

Ya ce, "Rani ya riga ya yi nisa. Ko gobe suka ba ni inji, bana ya wuce. Wannan na haƙura." Ya miƙa hannu kan tebur ya yago takarda daga littafin darasi, ya ɗora biro a kai, ya turo gabana. "Abin da kika faɗa yanzu, ki rubuta. Ba na banki ba ne."

Na ce, "Na waye, sa?"

Ya ɗan juya kai wajen labulen, ya rage murya. "Wata biyu ke nan ina jin magana a gidan nan, ina ji a coci, ina ji wurin 'yan'uwana. Wai an gaya min tun farko, ban ji ba, ga shi mutumin ya ci ya bar ni da suna. Ni na san Sabo tun ba mu da takalmi. Amma na gaji da faɗa da baki. Ina so in ajiye musu takarda."

Malam Sabo ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da tafin hannu.

Ku sani, ba mu da izinin rubuta wa kowa komai a kan bashin kwastoma sai ta ofis, da hatimi, da sa hannun manaja. Takardar hannu da sunana a ƙasa, tana cewa ma'aikaciyar banki ta yi kuskure, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ba takardar tuhuma za a ba ni ba, ta sallama ce. Na san haka sarai ina kallon biron. Na kalli Malam Sabo, na ce, "Baba, maganar bashinka ce za ta fita. Ka yarda?" Bai ɗago ba, ya gyaɗa kai.

Na rubuta. Layi biyar ne. Cewa Malam Sabo ya biya abin da aka ce ya biya, kafin ranar da aka sa masa, kuma jan da aka rubuta kuskurena ne ba nasa ba. Na sa cikakken sunana da kwanan wata.

Mista Gyang ya karanta sau biyu. Bai ninke ta ba. Ya ɗaga murya kaɗan ya kira matarsa, ya ce ta zo da tabaranta. Takardar har yau tana gidan, ban san hannu nawa ta bi ba, kuma duk ranar da manaja ya aiko a kira ni ba tare da ya faɗi dalili ba, ita nake fara tunawa.

Matar ta fito ta karanta a tsaye. Ta ajiye a kan tebur. Ta ɗauki kofin ruwan da tun ɗazu ba wanda ya taɓa, ta miƙa wa Malam Sabo da hannu biyu, ta kira shi da sunan 'yarsa yadda ta saba, ta ce, "Baban Hadiza, ka sha ruwa mana."